Malamin Aji Ko Malamin Daji?

Na roƙi Malam Edita ya ɗan sam mini fili a wannan mujalla tamu, domin in kashe wata magana da ke ta yawo a kwalejin nan tun farkon zango. Duk inda na gitta, ko ɗakin cin abinci ko bakin famfo, sai in ji ana cewa, "Ga Malamin Daji nan." Waɗansu don wasa su ke faɗi, waɗansu kuwa da gaske su ke ganin na zautu. In ba zautuwa ba, in ji su, ina dalilin da mutum zai shekara uku yana koyon aikin malanta, sa'an nan takardar shaida na dab da shiga hannunsa ya ce shi dawa za shi, gadin namun jeji? To, ba ƙage aka yi mini ba. In Allah ya yarda na gama jarrabawar ƙarshe, aikin tsaron gandun daji zan nema. Ga kuwa yadda abin ya samo asali.

A unguwar Sabo ta Badun aka haife ni. Fataucin goro ya kawo kakana Kudu, ya zauna, ya hayayyafa. Saboda haka ni ɗan birni ne, ban tashi da kwari da baka ba, ban taɓa bin 'yan farauta ba. Ta hanya biyu na san namun daji. Ta fari bakin Inna da dare, inda zaki ke sarauta, kura na shan duka, Gizo na cutar kowa. Ta biyu kuwa tabarmar Kawu.

Kawu, ƙanen Inna, ɗan magori ne, irin masu baza tabarma a bakin kasuwa. In na taso daga makaranta, ni ke tsare masa kaya sa'ad da za shi masallaci. Na san tabarmar nan kamar yunwar cikina. Daga dama saiwoyi ne da sassaƙe da ƙulle-ƙullen gari. Daga hagu kuwa, inda kuɗi ya ke, akwai busasshiyar hawainiya, da ƙayar beguwa, da wani lanƙwasasshen ƙaho mai zobe-zobe, da guntun fatar damisa wadda a ke yanka faɗin yatsa biyu a sayar, da kawunan ungulu, da wani gwangwanin madara cike da ɓawon ɗankunya. Ina yaro har wasa na kan yi da ɓawon nan, in jera su a ƙasa kamar kuɗi, ban taɓa kawo wa raina cewa daga jikin wani mai rai aka ɓamɓaro su ba. Tun da Baba ya rasu, da cinikin tabarmar nan aka saya mini littattafai, aka ɗinka mini rigar makaranta, har kuɗin shigata wannan kwaleji daga can ya fito. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Bara da lokacin gwajin koyarwa ya zo, sai ƙuri'ata ta faɗa wata makarantar firamare a wani ƙauye na ƙasar Oke-Ogun, can arewacin Jihar Oyo. Ƙauyen yana kusa da iyakar gandun dajin gwamnatin tarayya wanda a ke kira Tsohuwar Oyo. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,512 ne, a 1991 kuwa aka mai da shi gandun ƙasa. A ƙuryarsa ta arewa kangon tsohon birnin Alafin ya ke, birnin da fataken Hausa ke kira Katunga, wanda Kyaftin Kilafatan, Baturen nan da ya rasu a Sakkwato a 1827, ya sauka a cikinsa a 1826, kafin yaƙi ya watsa garin bayan kamar shekara goma. Na ji kunya ƙwarai, a ce an haife ni a jihar nan, na yi karatun tarihi da labarin ƙasa, amma sai da gwajin koyarwa ya kai ni sa'an nan na san da wannan wuri.

Maƙwabcina a masaukin da hedimasta ya samo mini wani dattijo ne ma'aikacin gandun, Bayarabe, amma Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, don ya daɗe yana aiki wajen Kainji. Baba na ke ce masa, shi kuwa ya ce mini Malam Ƙarami. In ba ya dawa, bayan magariba mu kan zauna kan benci a ƙofar gida, yana gyaran takalminsa, ina duba littattafan yara.

Da a zatona mai tsaron daji zama ya ke yi a bakin ƙofa yana duba takardar baƙi. Ashe sintiri ne gadan-gadan. Su kan fita ƙungiya-ƙungiya, kowa da jakarsa a baya, da garin rogo da ƙuliƙuli da gorar ruwa, su yi kwana da kwanaki suna tafiya a ƙasa, inda dare ya yi musu nan ne gida. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ga ƙudan tsando, ga rafuka a cike. Da rani kuwa gobara, wadda mafarauta ke sawa don su koro nama, makiyaya kuma don sabon tsiro ya fito. Duk abin da suka tarar sai an rubuta: sawun ɓauna, kashin gwanki, kwanson harsashi, toka mai ɗumi inda wani ya kwana, kututturen itacen da aka sare. Suna da wata 'yar na'ura mai aiki da tauraron ɗan'adam, ita ke nuna musu daidai inda su ke, a rubuta lambar wurin tare da abin da aka gani. In aka tara rahoton wata da watanni, sai manya su ga inda ɓarna ta fi yawa, su san inda za su tura sintiri na gaba. Na ce, "Baba, ashe rabin aikinku rajista ce, irin tamu ta aji." Ya yi dariya, ya ce, "Sai dai naku yaran in an kira suna su kan amsa."

Da taimakonsa hedimasta ya nemi izini, muka kwashi 'yan aji biyar da shida a bayan wata akori-kura, muka shiga gandun da asuba tare da masu rakiya. Ba mu ga zaki ko giwa ba, an daɗe da daina ganinsu a wannan daji. Amma da hantsi, kusa da kogin Ogun, wani mai rakiya ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Sai ga mariya, su wajen goma, jajaye kamar an shafa musu manja, sun ɗago kai suna kallonmu, kunnuwa a miƙe. Namijin ya yi wani fito, suka zuba a guje, ciyawa ta rufe bayansu. Yaran nan da aka haifa a bakin dajin, da yawansu ba su taɓa ganin mariya da rai ba, sai a kyafe a kasuwa. Ni kuwa ƙahon namijin na bi da kallo, domin na gane shi. Shi ne mai zobe-zoben nan na hagun Kawu.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai ku ce sha'awa ce irin ta ɗan birni da ya ga dawa, kwana biyu za ta wuce. Abin da ya kama ni da gaske daga baya ya faru, ba kuwa mai daɗi ba ne.

Akwai wani yaro a ajina, ba wanda ya kai shi lissafi. Kwatsam sai ya daina zuwa, kwana ɗaya, biyu, har mako. Na tambayi 'yan'uwansa, suka sunkuyar da kai. Daga baya na ji cewa masu sintiri sun kama ubansa a cikin gandu da tarkon waya da gawar mazo a kafaɗa, an kai shi gaban shari'a, an ci shi tara. Na je gidansu. Na tarar da yaron a gona shi da uwarsa suna haƙar rogon da bai ƙosa ba, za a sayar a haɗa kuɗin tara. Uwar ta nuna mini gefen masararsu da birai suka fito daga daji suka yi wa kaca-kaca, ta ce da ni da Yarabanci, biri ya ci nasu ba wanda ya kai shi kotu, mijinta ya ci na daji ga shi a gaban alƙali. Ban sami abin da zan ce mata ba. Da yaron ya komo makaranta, ya bar benci na gaba ya koma na baya, bai ƙara ɗaga hannu ba har na bar garin, domin duk ƙauyen an san da wa na ke hira bayan magariba.

Daren nan na tasam ma Baba da faɗa, har na manta da furfurarsa. Na ce, saboda mazo guda a ke raba yaro da karatu? Bai ce mini kome ba. Kashegari ya ja ni zuwa wurin aikinsu, ya buɗe wani ɗaki. Jama'a, waya ce tsibi guda, ta kai mini ƙugu, duk tarkon da suka kwance a daji. Wayar birkin babur ce da ta keke, da irin wadda a ke zarowa daga tsohuwar taya. A yi mata zarge, a ɗaure a jikin itace a kan hanyar da nama ke bi zuwa ruwa. Ba ta da tsada, ba ta ƙara kamar bindiga, mutum guda ya iya kafa ta da yawa a yini guda. Muguntarta ita ce ba ta zaɓe. Ba ta san mai ciki ba, ba ta san mai shayarwa ba, ba ta san dabbar da ta yi saura kaɗan a duniya ba. Mai tarko kuwa ba kullum ya ke zagayawa ba, saboda haka da yawa a nan su ke ruɓewa, ko shi bai ci ba. Wadda ta yi ƙarfi ta tsinke wayar, sai ta tafi da ita a ƙafa, tana cin nama har ƙashi. Baba ya ce, "Malam Ƙarami, mazon da ka ke magana shi ne wanda ka ji labarinsa. Ƙirga waɗannan." Sa'an nan ya gaya mini abin da ban sani ba, watau shi kansa ɗan maharbi ne, jikan maharbi, kuma akwai 'yan'uwansa da har yau ba su cin abinci tare da shi.

Na daɗe ina juya maganar nan. Uwar yaron tana da gaskiya, Baba ma yana da gaskiya, abin da ya hana ni barci ke nan. In aka ce kowa ya shiga ya ɗiba don yana da talauci, to, ba da jimawa ba za a wayi gari ba mazo ba mariya, talaucin kuwa na nan inda ya ke. In kuwa aka ce sai kamu da tara kaɗai, to, kowane kamu gidan maƙiya guda ya ke haifarwa a bakin iyaka, ma'aikata 'yan kaɗan kuwa ba su iya tsare daji mai faɗin nan in duk ƙauyukan da ke kewaye sun juya musu baya. Doka dai dole ce. Amma na lura abin ya dogara ƙwarai ga wanda aka damƙa wa ita: ko yana jin harshen mutane, ko ya iya zama da mai gari da shugaban maharba tun ba a kai ga kamu ba, ko ya iya bambanta mai neman na miya da yaron masu safara. Wannan kuwa, in kun duba, bai yi nisa da abin da a ke koya mana a nan ba.

Masu safarar nan su suka fi ci mini rai. Ku ɗauki ɗankunya. Ba shi da haƙori, abincinsa gara da tururuwa, macen ɗa guda ta kan haifa. In ya ji tsoro sai ya dunƙule ya rufe fuska, abin da ya sa Bahaushe ya ba shi wannan suna. Dabarar nan ta kan tsirar da shi daga damisa, amma ɗan'adam sauƙi ta ke yi masa, sai ya sunkuya ya ɗauka ya jefa a buhu. Ɓawon nasa kuwa irin abin da aka yi farcenmu da shi ne, ba wani abu ba, duk da haka a ƙasashen Asiya ana sayensa da tsada don magani. A 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a 1973 don kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, suka hana fataucin ɗankunya baki ɗaya. Amma a watan Afrilu na 2019 kaɗai, ma'aikatan Singafo sun kama kaya biyu da suka taso daga Nijeriya za su Biyetnam, ɓawon ɗankunya fiye da tan 25. Ba duka a dajinmu aka kashe su ba, ana tattaro su daga Kamaru da ƙasashen da ke gaba da ita, ƙasarmu ta zama mashiga. A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta ƙone kusan tan 4 na ɓawon a Abuja, a Janairu na 2024 kuma ta niƙe hauren giwa tan 2 da rabi, don kada su sake komawa kasuwa. Ku auna gwangwanin Kawu da tan 25. Mai cika jirgin ruwa da kaya ba ya shiga ciyawa, ƙudan tsando bai san jininsa ba, kuma ba da gudu a ke kama shi ba, sai da bincike da takarda da shaidar da za ta tsaya a gaban alƙali.

A nan ne na gane aikin yana da ɓangaren da ba a cika faɗa ba, watau shari'a. Tun 1916 Turawa suka kafa dokar kiyaye namun daji a ƙasar nan, a zamanin En'e kuma kowa ya san malamin daji. A 1985 aka yi dokar dabbobin da ke bakin ƙarewa, tararta ta fari naira 1,000, kuɗi mai nauyi a lokacin, amma da shekaru suka tura ya zama abin dariya, har sai da aka ƙara shi a 2016. Dokar Hukumar Gandayen Ƙasa ta 1999 ita ta hana farauta da kiwo da saran itace da sa wuta a cikin gandu, ita kuma ta ba ma'aikaci ikon kamu. Amma ikon nan da sharaɗi. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana guda in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dole a rubuta inda aka kama shi, da lokaci, da abin da aka same shi da shi, a adana kayan shaida, sa'an nan wanda ya yi kamun ya tsaya gaban alƙali lauya ya yi ta juya shi. Baba ya ce abin da ma'aikaci ya fi gudu shi ne a sha wahalar kwanaki a daji, a kama mutum dumu-dumu, sa'an nan shari'a ta watse saboda rahoto a birkice. Da na ji haka na ce a raina, ashe wahalar da malamin Ingilishi ya ba mu a kan rubuta rahoto ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ga kuma harshe. Ina jin Hausa da Yarabanci da Ingilishi, na fara tsintar Fulatanci wajen abokin ɗakina. Makiyayin da aka tare da shanunsa a cikin gandu, in ya ji an yi masa sallama da harshen da ya sani, rabin faɗan ya mutu.

Wani abokina ya ce mini, ai aikin banza ne, an riga an gama da dajin. Ba zan ƙaryata shi duka ba. Baƙar karkanda irin ta yammacin Afirka an bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Zaki, sarkin tatsuniyar Inna, binciken da aka buga a 2014 ya nuna saura kamar 400 a duk Afirka ta Yamma, namu na Nijeriya ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari kaɗai. Ko ungulu, wadda da ba mai kulawa da ita, ku tambayi kanku yaushe rabonku da ganinta a mayanka. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, cinikin kawunanta kuwa na cikin dalilai.

Amma inda aka tsaya da gaske an ga amfani. Yankari ta Jihar Bauci, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, maharban haure sun yi wa giwayenta ɓarna ƙwarai. Da aka gyara sintiri daga 2014 da haɗin gwiwar ƙungiyar WCS, aka kuma ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa gargaɗin manoma in giwaye sun doso gona, sai aka shafe shekaru daga 2015 ba a sami giwar da aka harbe ba. A duwatsun Mbe na Jihar Kuros Riba ƙauyuka tara ne suka haɗu don tsaron dajinsu, masu gadin da yawa tsofaffin maharba ne. A can ne a 2020 aka fito da hotunan da kyamarar da aka ɗaure a itace ta ɗauko, na garken manyan biran nan da a ke kira gorila da 'ya'yansu, irin da ba su wuce 300 ba a duniya.

Inna ba ruwanta da duk wannan lissafi. Ita abu guda ta sani, dajin yanzu ba na namun jeji kaɗai ba ne. Tana kuwa da gaskiya. Sambisa da kowa ke jin sunanta da fargaba, asalinta gandun namun daji ce. Kamuku ta wajen Birnin Gwari da dajin Kainji duk 'yan bindiga sun shiga. A gandun Birunga na Kwango ma'aikata fiye da 200 aka kashe a bakin aiki, saboda irinsu ne aka keɓe ran 31 ga Yuli kowace shekara don tunawa da masu tsaron daji na duniya. Ba kuma aiki ne na yin arziki ba. Ba zan ce muku ba na jin tsoro ba, ina ji. Na dai ga cewa in masu tsaro suka janye, dajin ba ya zama ba kowa, wani ne ke shiga, mutanen ƙauyen da ke bakinsa kuwa, irin su yaron nan mai lissafi, su ke fara ɗanɗanawa.

Ga wanda abin ya ba shi sha'awa, ga abin da na binciko. Gandayen ƙasa bakwai ne aka daɗe da su, Tafkin Kainji ya fi su tsufa, tun 1979, Gashaka-Gumti ya fi su girma, a 2020 kuma gwamnati ta amince a ƙara goma. Aikin hukumar na ɗamara ne, da kaki da fareti da muƙamai. A Sabuwar Busa ta Jihar Neja akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji, mai ba da difloma ƙarama da babba, jami'o'in Badun da Abekuta da Akure kuma suna da sassan wannan ilmi. Niyyata in nemi aikin da takardar da zan samu a nan, in an ɗauke ni in ƙaro karatu daga baya. Akwai sashen wayar da kai, masu zagaya makarantu da ƙauyuka, amma in an ba ni zaɓi sintiri zan fara takawa tukuna, don kada in tsaya gaban maharbi ina yi masa wa'azin dajin da ya fi ni sani. Wannan ne ya sa ku ke ganina da asuba ina zagaya filin ƙwallo da jaka cike da littattafai a baya. Ba aljanu ba ne.

Saura Kawu. Na yi wata biyu ina ɗaga maganar, sai a hutun da ya wuce na je na same shi a bakin tabarma bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa kome, har da cewa waɗansu kayan da ke hagunsa doka ta hana. Ya daɗe bai yi magana ba, yana korar ƙuda da mafici. Can ya ce, "Watau ɗana, na sayar da kan ungulu na kai ka makaranta, don ka komo ka kama ni." Na ce, "Kawu, Allah ya kiyaye, ba haka na ke nufi ba." Ya ce, "In an aiko ka fa?" Na yi shiru, domin tambayar ke nan da na ke yi wa kaina tun daga Oke-Ogun.

Sa'an nan ya ce kan ungulun da da a ke kawo masa a buhu, yanzu sai ya yi wata da watanni bai samu ba, masu kawowa sun ce sai sun ƙetare iyaka su ke samowa, kuɗin ya ninka. Damisa kuwa rabonsa da sabuwar fata tun ban shiga sakandare ba. Ya ce, "Mu ma mun san abin yana ƙarewa, sai dai a wannan furfura wace sana'a zan koya?" Na ce ai saiwoyi da sassaƙe ba wanda ya hana. Ya ce ba su ke kawo kuɗi ba.

Bai sa mini albarka ba, bai kuma hana ni ba. Da zan tafi sai ya kira ni, ya zaro naira dubu biyu daga aljihun gaba, ya ce in ƙara a kuɗin mota. Na tsaya ina kallon kuɗin, na san ɓangaren tabarmar da suka fito. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya. Gwangwanin madaran nan yana nan inda na san shi, sai dai abin da ke ciki bai kai rabi ba. Takardun neman aikin suna cikin akwatina, saura hoto da sa hannun mai tsaya mini. Tun fari Kawu na yi niyya ya sa hannun, har yanzu kuwa ban kai masa ba.